Katako Biyu Daga Jirgin Ya'u

Shekara ashirin da huɗu ina aikin katako a Sabon Gari, kuma duk Maraɗi babu wanda zai ce ya taɓa dawo mini da ƙofa don ta ƙi rufuwa. Sunana Maman Lawali. Gado, tebur, kujera, taga, duk abin da ake kafawa ya zauna wuri ɗaya, na iya shi. Ba don yabon kai na faɗi haka ba, ko da yake a da yabon kai bai taɓa yi mini wuya ba. Na faɗa ne don a san irin mutumin da Ya'u ya kawo wa jirginsa.

Ya'u mijin ƙanwata Zuliha ne. Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu, ni na riƙe ta bayan rasuwar iyayenmu, ni kuma na aurar da ita. Suna zaune a Jiratawa da 'ya'yansu uku. Shi masunci ne, a tafkin Madarunfa yake su, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Shekara goma sha ɗaya yana auren ƙanwata, bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni sosai ba. In na yi magana, ko da na ce rana daga yamma take fitowa, sai ya ce, "Haka ne, Yaya."

Jirginsa kwalekwalen katako ne da ya gada, mai faɗin ciki, gindinsa a shimfiɗe, ga nauyin tsiya. Abokan sana'arsa Rumbu suke ce masa. Duk shekara masuntan sukan rufe ruwa na wasu watanni don kifi ya girma. Ranar buɗewa sai a jera jirage a bakin tafki, sarkin ruwansu ya ba da izini, kowa ya nufi wani wuri mai zurfi can wajen matattun itatuwa, inda manyan tarwaɗa ke taruwa. Wanda ya riga isa shi ke da wurin, ba mai jefa birgi, wato ragar da ake watsawa da hannu, a kansa. Ya'u bai taɓa isa na fari ba, bai ma taɓa zama na goma ba. Kafin Rumbu ya lallaɓa ya kai, wasu har sun fara cika kwando, suna tambayarsa ko gero ya ɗauko.

Saura mako biyu a buɗe ruwa ya kawo mini jirgin a bayan wata tsohuwar mota mai ɗaukar hatsi. Muka sauke shi a ƙofar shagona, ya toshe rabin hanya, 'yan kabu-kabu suna ta zagi suna ratsewa.

"Yaya, katako guda ya ruɓe nan ga gindi," in ji Ya'u. "In da hali a canza shi. In kuma ana iya rage mishi nauyi ɗan kaɗan, to."

"Ɗan kaɗan? Wanga ai ba jirgi ba ne, ɗaki ne. Bar mini shi, ka dawo bayan kwana goma."

Ban taɓa gyara jirgi ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in faɗa masa haka ba. Na buɗe waya na yi ta kallon jiragen tsere na wasu ƙasashe, 'yan sirara, gindinsu da ƙoƙuwa kamar bakin wuƙa, suna yanka ruwa suna wucewa. Na dubi Rumbu na ce ashe ciwon nan mai sauƙi ne, faɗi ne ya yi masa yawa. Na canza ruɓaɓɓen katakon kamar yadda aka ce. Sannan na ci gaba da abin da ba a ce ba. Na cire katako biyu lafiyayyu daga gindin, ɗaya dama ɗaya hagu, na rage tsawon itatuwan da ke riƙe da cikinsa, na jawo gefunan suka matso. Gindin da yake a shimfiɗe na tayar masa da tsini daga kai har wutsiya. Na cusa tsumma a kowace kafa, na bi da kwalta, na shafe shi da shuɗin fenti. Faɗinsa ya ragu da taƙi biyu. Aikin ya yi kyau, har yau ba zan ce bai yi kyau ba. Mutane suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hotonsa.

Da Ya'u ya dawo, ya zagaya jirgin sau biyu. Ya sunkuya ya aza tafin hannunsa a ciki, inda a da yake a shimfiɗe, hannun ya zame ya gangara tsakiya.

"Yaya, bai yi ƙunci ba kuwa?"

"Kai ka san kihi, ni na san katako," na ce da shi. "Gudu kaka so ko shimhiɗar kwana?"

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya har sau uku. Da wani kafinta ne ya yi masa wannan aikin, na tabbata da ya sa shi ya mayar da katakon nan take. Amma yayan matarsa ne, wanda ya bar aikinsa kwana goma ya yi masa kyauta.

Ana gobe buɗe ruwa muka kai jirgin tafki muka gwada shi a gefe. Na zauna a tsakiya, shi a baya da filafilin tuƙi. Tuƙi uku ya yi, sai ga iska tana bugun fuskata. Ranar na fara jin Ya'u ya yi dariya da ƙarfi a gabana. Muka je muka dawo, muka sake zuwa, dukanmu a zaune. Na kwana a Jiratawa don in ga abin da idona.

Da hantsi aka jera jirage, sun kai arba'in. Aka ba da izini. Kafin a ce haka, shuɗin jirgin nan ya fita daga cikinsu, ya ba su rata, ratar tana ta ƙaruwa. Mutanen bakin ruwa suka ɗauki ihu suna kiran sunan Ya'u. Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu a ƙirji, ina jira a tambayi wanda ya yi aikin. Ya isa wajen itatuwan shi kaɗai, na biye da shi bai ko ci rabin hanya ba. Daga nesa na ga ya ajiye filafili. Na ga ya miƙe tsaye, birgi a kafaɗa. Na ga ya murɗa jikinsa zai jefa. Abin da na gani bayan wannan shi ne gindin jirgin yana kallon sama, da tsinin da na yi masa.

Ya'u ya iya ruwa kamar kifi, amma birgin ne ya faɗo masa a ka, da dalmar da ke jere a bakin ragar, igiyar kuma tana ɗaure a wuyan hannunsa. Ragar ta sarƙe da rassan da ke ƙarƙashin ruwa. Da a tsakiyar jama'a ya faɗa, da hannu goma sun cafe shi. Ya riga kowa da nisa, sai da aka ɗauki lokaci kafin jirgi na farko ya kai.

Ina nan a bakin ruwa, kafin a kawo shi, idona ya kai kan wasu masunta biyu can gefe da labari bai riske su ba tukuna. Kowannensu yana tsaye a kan jirginsa, ƙafa a ware, yana juyi da dukan nauyinsa yana watsa raga, jirgin ko gezau. Na sha ganin wannan tun ina yaro. Ban taɓa tambayar kaina me mutum yake takawa in zai yi haka ba. Faɗin nan da na raina, da shimfiɗaɗɗen gindin nan, su ne ƙasar da masunci yake tsayawa a kai, ni kuma na sa zarto na yanke.

Aka jawo jirgin gaɓa a kife. Sarkin ruwa, wani tsoho mai ido ɗaya, ya zo ya bi tsinin da hannunsa tun daga kai har wutsiya. Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya wajen jama'a ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Ruwa ya amshi nashi." Daga baya mata suka ƙara nasu, wai mutanen ruwa ba sa son a taɓa tsohon jirgi ba a yi sadaka ba, wasu suka ce shuɗin fentin ne ya kira su. Na ji duk wannan a zaman makoki, ina karɓar gaisuwa, ban ce uffan ba. Tsoron abu ɗaya nake yi, kada Zuliha ta san hannuna ne. Ba ni da kowa sai ita, kuma ban san da wane ido za ta dube ni ba.

Ranar sadakar bakwai abin ya fara. Muna sahu a sallar azahar, na ɗaga hannu na yi kabbara, sai ƙasa ta karkata hagu. Na taka da ƙarfi, ta karkata dama. Na kama rigar na kusa da ni har muka kusa faɗuwa tare. Da na zauna sai komai ya tsaya cik. Tun daga ranar haka nake. In ina tafiya lafiya lau, in ina zaune lafiya lau, amma in na tsaya cak a wuri ɗaya, sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashina, a hankali, tana jira in juya jikina. Likita ya auna jinina, ya leƙa kunnena, ya ce gajiya ce. Na koma yin salla a zaune kamar tsoho, ina da shekara arba'in da shida. Na sassare ƙafafun teburin aikina don in riƙa yanka katako a kan kujera.

Sai kuma katakon nan biyu da na cire. Suna jingine a bayan ƙofar shago, na manta da su, har bazara ta shigo, zafin da ke sa katako ya tsage da kansa. Wata rana da tsakar rana na kai hannu zan matsar da su, na ji su a jiƙe. Ba laima ba, jiƙa sosai, har da santsi, kamar yanzu aka tsamo su. Na hau da su kan rufin kwano na bar su kwana uku a rana. Da na koma, kwanon yana ƙona tafin ƙafa, amma da na ɗaga su, ga shatar ruwa a ƙarƙashinsu, dogaye guda biyu. Na sauko da su na mayar inda suke. Na kasa ƙona su, na kasa jefar da su. Masu kawo aiki suka fara tambayata ko na koma sayar da kifi, don ƙarni ya kama shagon. Wani lokaci in na tsayar da zarto in huta, nakan ji ɗigar ruwa a bayan ƙofar, ɗaya bayan ɗaya, ba na juyawa.

Da Zuliha ta fita takaba ta riƙa zuwa Maraɗi duk Juma'a, ta kawo mini soyayyen kifi ko ɗan tattasai daga lambun Jiratawa. Ta rame, amma ba ta kuka a gabana. Wata Juma'a tana zaune a kan bencin shago ta ce, "Ko ba komi, Yaya, ya riga kowa isa sau guda kahin shi mutu. Shekara da shekaru ana yi mishi dariya. Kai ka share mishi wanga hawaye." Na ce Allah ya jiƙansa, na sunkuya ina neman ƙusar da ban yar ba.

Damina ta yi ƙarfi, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa ya cika har baki. A nan ne ta zo mini da labarin Hamidu. Hamidu ƙanen Ya'u ne, yana zaune a Tibiri, manomi ne, abin da ya sani na su bai wuce jefa ƙugiya daga gaɓa ba. Ta ce an ba shi jirgin, tun da gadon gidansu ne. Ya yi sadaka, ya sa an yi addu'a, ya goge shuɗin ya shafa kore. Yana so ya fara jefa birgin wansa a Gulbi, abin da ya samu ya taimaka wa marayu.

"Ni na gyara ragar da hannuna," in ji ta. "Ran Lahadi da sahe za ni kai mishi."

Na kira Hamidu a waya na ce ya sayar mini da jirgin. Ya yi dariya ya ce me zan yi da jirgi a Sabon Gari, kuma ai ba a sayar da abin uba. Na ce to ya kawo in sake duba shi. Ya ce ya duba, ko ɗigo ba ya sha, aikina ai ba ya son gyara. Sau uku ina kiransa tsakanin Juma'a da Asabar, kowane kira sai in kai bakin maganar in koma tambayar gona. Na san in na faɗa masa, kafin rana ta faɗi ta kai kunnen Zuliha. Har addu'a na yi ruwan Gulbi ya janye kafin Lahadi, ina jin ana tsuga ruwan sama a kan kwano ina wannan addu'ar.

Ran Lahadi na buɗe shago kamar kullum. Na zauna, na ɗauki zarto, na ajiye. Rana ta ɗaga. Sai na tashi, ko rufe ƙofa ban yi ba, na tare ɗan kabu-kabu na ce Tibiri, bakin Gulbi, kuma kada ya tsaya ko don rami. Niyyata in ja Hamidu gefe, in faɗa masa a kunne, in roƙe shi ya rufa mini asiri. Duk hanya ina shirya kalmomin.

Na makara da wannan shirin. Da muka gangara ta cikin gonakin gero muka fito bakin ruwa, Hamidu ya riga ya tura jirgin, yana can kamar taku ashirin daga gaɓa, inda jan ruwa ke murɗawa. Ya ɗaura igiya a wuyan hannu, ya saɓa birgi a kafaɗa, ya dafa gefen jirgi zai miƙe. Zuliha tana tsaye a gaɓa da mayafinta, tana kallonsa.

"Hamidu, kak ka tashi! Zamna!"

Ya waiwayo yana murmushi. "Yaya Lawali, kai ne? Kada ka damu, an yi sadaka, an yi komi."

Ya ɗaga gwiwa ɗaya. Na ga jirgin ya ɗan karkata, ya dawo. Ban san lokacin da na shiga ruwa da takalmina ba, har ya kai mini cinya.

"Ba sadaka ba ce, ba mutanen ruwa ba ne," na ce, kuma dole in ɗaga murya don ƙarar ruwa. "Jirgin nan ba a tsayuwa cikinai. Ni na cire mishi katako biyu ga gindi, ba wanda ya sa ni. Ya'u ya ce mini ya yi ƙunci, na hana shi magana. Shina miƙewa ya kihe da shi. Aikina ne ya kashe wanka, kuma in ka tashi kai ma za shi kihe da kai."

Murmushin ya bar fuskar Hamidu. Ya dubi cikin jirgin, tsakanin ƙafafunsa, ya daɗe. Sannan ya koma ya zauna a hankali, ya sauke ragar, ya kwance igiyar daga hannunsa. Ya tuƙo zuwa gaɓa, ya wuce ni bai dube ni ba.

Na juyo ina fitowa daga ruwa. Zuliha tana inda take. Na yi zaton za ta yi kuka, ko ta zage ni, na ma fi son ta zage ni. Ta bari sai da na zo gabanta, sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Da sahen ranan, kana alwala waje, yac ce mini jirgin na rawa. Yac ce za shi ari na maƙwabcinmu, wanga a bar shi sai an maida mishi katakonai." Ta dubi jirgin. "Nic ce mishi, Yaya ya bar aikinai kwana goma, ya taho tun daga Maraɗi don shi gani, kai ko ka shiga jirgin wani gaban idonai? Nic ce aikin Yaya ba ya rawa, kai ne ba ka saba ba. Ni na ɗauko mishi hilahili na ba shi ga hannu."

"Zuliha, ba laihinki ba ne. Ni ne."

"Wata shida kullum ina ce ma kaina ruwa ne. Da shi nike samun barci, da shi nike iya duban ɗiyana." Ta ja mayafinta ta rufe kai. "Ka kyauta ma Hamidu, Yaya. Amma ni da ka bar mini ruwan."

Ta juya ta hau gaɓa, ta bi 'yar hanyar da ta ratsa cikin gero. Na kira sunanta sau biyu. Geron ya fi ta tsawo, ba a jima ba na daina ganinta.